Buɗe-Mu-Gani Ya Zaɓi Lauya

A ƙarshen layin masu walda akwai wani ɗan shago da ƙofarsa ba ta buɗuwa duka, saboda tulin matattun fankoki da ke jibge a bayanta. Nan ne wurin aikin dattijon da kowa ke kira Buɗe-Mu-Gani. Daga bakinsa sunan ya fito. Ko me ka kawo masa, fanka ce ko dutsen guga, rediyo ne ko injin markaɗe, ba ya tsayawa jin bayaninka. Kana cikin cewa tun jiya ta fara ƙara, shi ya riga ya ɗauki sukudireba yana cewa a buɗe a gani. A wurinsa mai kaya maƙaryaci ne har sai cikin kayan ya gaskata shi.

Hannu kam Allah ya ba shi. Abin da wasu suka ce ya mutu, shi yakan zaunar da shi a cinya, ya hura, ya kankare, ya ɗiga dalma, sai ka ji ya tashi yana guɗa. Amma zargi ya yi masa yawa. Idan ka gaishe shi da fara'a, zai tambayi kansa me kake nema. Idan ka wuce ba ka gaishe shi ba, zai tambayi kansa me ka ƙulla. Matarsa takan ce ranar da aka haifi ɗansu na ƙarshe, da an ba shi dama da ya kwance jaririn ya duba ko an canza masa wani abu a ciki. Shi ba ya dariya idan ta faɗi haka, sai ya ce ai da ta bari ya duba ɗin.

Akwai wata magana da ya fi tsana a duniya: a ce maka, wannan ba aikina ba ne, kai wa wane. Ya san abin da take nufi a layinsu, domin ya gani da idonsa shekara da shekaru. Mai gyara zai buɗe kayanka, ya zare abu mai kyau ya sa ruɓaɓɓe, sannan ya tura ka wurin abokinsa. Da yamma su haɗu a bayan shago a raba la'ada. Saboda haka ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa shi ba zai taɓa tura kowa ko'ina ba. Abin da ya sani ya gyara, abin da bai sani ba ya kwana da shi har ya sani. Mutum na gari a ganinsa shi ne wanda ke karɓar duk abin da aka ɗora masa, sauran kuwa 'yan kamasho ne masu tsaftar riga.

Mutum ɗaya ne ya tsallake wannan zargi, wato tsohon lauya mai ofis a saman kantin fenti. Shekarun baya maƙwabcin Buɗe ya matso da katanga cikin filin gidansa, sai tsohon lauya ya karɓi shari'ar. Ya zo da kansa ya auna, ya nemo safiyo, ya tattaro dattawan da suka san inda tsohuwar iyaka take, ya sa kowa ya ba da labari tun daga farko ba tare da rage komai ba. Har yau Buɗe na tuna yadda yake ce wa shaidu kada su ɓoye ko ƙwayar zance, domin a shari'ar fili ɗan abin da ka raina shi ne ke tsayar da iyaka. Aka rushe katangar. Tun daga nan fankar ofishin lauya ba ta ƙara kwana a lalace ba, kuma idan ana zagin lauyoyi a layin masu walda, Buɗe kan ɗaga sukudireba ya ce ban da nasa.

Ɗansa na ƙarshe, wanda gida ke kira Auta duk da ya yi aure har da 'ya, direba ne a wani kamfanin rarraba magunguna. Aikinsa ya kai mota sito, a loda masa kwalaye, ya bi kantuna yana saukewa. Wata safiya jami'ai suka tare motar a hanya, suka farke kwalayen, aka ce rabinsu jabu ne. Manajan sito ya kashe waya ya ɓace. Auta ne a hannu, shi aka tafi da shi.

Matar Auta ce ta zo shago da labarin, goye da 'yarta, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Buɗe bai ko rufe fankar da ke cinyarsa ba. Ya hau benen kantin fenti yana haki, ya zube a kujera ya zayyana komai. Tsohon lauya ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido, sannan ya faɗi abin da Buɗe bai taɓa zaton zai ji a wannan ɗaki ba.

"Malam Buɗe, wannan ba layina ba ne. Ni fili na sani, da gado, da haya. Rabona da shari'ar laifi tun ina saurayi. Akwai wata Barista a kan titin kotu, wannan ne aikinta kullum. Je ka same ta yanzu, ka ce ni na turo ka."

Ya yi masa bayani a tsanake, cewa lauyoyi kamar likitoci ne, mai ido daban mai ƙashi daban, kuma dokar ɗaya ce a littafi amma hanyoyin binta ba ɗaya ba ne. Buɗe na gyaɗa kai, amma kunnensa ya daina ji tun daga kalmar turowa. Yana kallon fankar da ya gyara da hannunsa tana juyawa a saman kan mutumin, zuciyarsa na tambaya ko kamfanin ya riga shi hawa benen nan. Kamfani mai motoci da sito ai ba zai rasa abin toshe bakin tsoho ɗaya ba.

Duk da haka ya je, domin ya gani. Ofishin Barista ƙarami ne, babu taswira a bango, babu tarin tsofaffin fayiloli masu ƙura irin na tsohon lauya. Mutane ne zaune a benci, mata sun fi yawa, kowace da alamar rashin barci. Ita kanta ba ta kai 'yarsa ta fari shekaru ba, waya biyu a gabanta, tana magana da sauri kamar mai jiran mota. Ba ta bar shi ya ba da labari daga farko ba. Tambayoyi ta jero: wane ofis aka kai shi, wa ke binciken, ya riga ya yi bayani ko bai yi ba. Da ta ji sunan ofishin sai ta ambaci jami'in da ke can da sunansa, ta ce ta san shi. Buɗe ya ajiye wannan a ransa.

"Baba, abu ɗaya nake so kafin komai," in ji ta. "Ku aika masa kada ya buɗe baki. Ko sunan wanda ya loda motar aka tambaye shi, ya ce sai lauyansa ya zo. Ina da zama a kotu yanzu, ina fitowa zan wuce can."

Ya fito jikinsa na ba shi cewa ya kama bakin zaren. Yaron da bai yi laifi ba a ce ya yi shiru? Wa shirun zai amfana in ba manajan da ya gudu ba? Maimakon ya aika saƙon, sai ya bi bayanta a hankali har harabar kotu, ya raɓe jikin wata bishiya. Bai daɗe ba ya ga abin da ya zo nema. Ta tsaya da wani mai baƙar riga suna hira, har ta dafa bango don dariya. Ya tambayi mai gadi ko wane ne wancan, aka ce masa mai gabatar da ƙara ne. Wani sanyi mai kama da daɗi ya ratsa shi, irin wanda yake ji idan ya buɗe rediyo ya tarar da wayar da aka yanke da gangan.

A gida ya zayyana musu abin da ya gano. Matarsa ta ce ita ba ta ga laifi ba, ai shi ma yana shan shayi da mai sayar da sababbin fankoki alhali sana'arsu kishiyar juna ce. Ya ce wannan daban. Surukar, wadda ba ta saba ɗaga ido a gabansa ba, ta durƙusa ta ce ta tambaya a bencin ofishin, wata mata ta gaya mata Barista ce ta fito da mijinta, wata kuma ƙaninta. Ta ce wanda kullum yake cikin abu ai dole ya san mutanen wurin. Buɗe ya tambaye ta ko ta san wa ya zaunar da matan nan a bencin. Sai hawayenta suka riƙa ɗiga a kan 'yar da ke cinyarta.

Ya koma saman kantin fenti. Wannan karon bai zauna ba. Ya tuna wa tsohon lauya shekarun da suka yi tare, ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa mayar da kayan kowa ba don bai saba da irinsu ba. Ya ce lauya lauya ne, makaranta ɗaya suka yi, riga ɗaya suke sawa. Tsohon lauya ya ce yana tsoron ya cuci yaron da rashin sabo. Sai Buɗe ya sauke murya ya tambaye shi, ido cikin ido, ko akwai wanda ya riga ya zo ya gan shi a kan maganar.

Fuskar tsohon ta canza. Mutum ne da ya tsufa da mutuncinsa, ba a taɓa jifansa da irin wannan ba, kuma daga bakin wanda yake ɗauka aboki. Da ya yi fushi ya kore shi, da ya yi wa Auta babban alheri. Amma kunya da zafin zargi suka rinjaye shi. Ya miƙe ya ɗauki kwat ɗinsa daga ƙusa, ya ce su tafi.

A ofishin masu bincike an ba su 'yan mintoci da Auta a wani ɗaki mai tebur ɗaya da taga can sama. Ya rame a ɗan lokacin, idonsa ya faɗa. Ya ce wata mata lauya ta zo ta ce ya yi shiru, shi ya sa har yanzu bai ce komai ba. Buɗe ya ce ya manta da ita. Tsohon lauya ya yi abin da ya iya kuma ya yarda da shi tsawon rayuwarsa: ya ce wa yaron ya kwantar da hankali ya ba da labari tun daga ranar da ya fara aiki, a jere, kada ya rage komai. Uban ya ƙara da cewa mai gaskiya ba ya tauna magana, ya zazzage musu duka su ga cikinsa fari ne.

Da jami'in bincike ya shigo, Auta ya zazzage. Jami'in mutum ne mai sanyin murya, yana rubutu yana murmushi, har ruwa ya sa aka kawo. Ya bar shi ya yi ta zuba, sunayen kantuna, lokutan lodi, halin manaja. Can wajen ƙarshe, yana rufe biro kamar an gama, ya tambaya a sake ko shi da yake ɗaukar kwalayen nan kullum bai taɓa lura da wani abu ba. Auta ɗan ubansa ne, a shagon nan ya girma, kuma bai so a ɗauke shi wawan da ba ya ganin abin da ke gabansa. Ya ce gaskiya ya lura. Tun watannin baya ya ga kalar wasu kwalaye ta ɗan dushe, gam ɗinsu ma ba irin na da ba ne. Har ya taɓa buɗe ɗaya ya duba, zuciyarsa ta ba shi akwai matsala, amma ya ja bakinsa saboda tsoron rasa aiki. Jami'in ya buɗe biro ya rubuta, ya karanta masa, Auta ya sa hannu.

Buɗe ya fito yana jin kansa a sama. Ya ce wa lauya yanzu sun ga yaron ba shi da hannu, tunda har shi ne ya fara gano abin.  Tsohon ya tsaya a kan matakala yana kallon titi, can ya ce tambayar nan ta ƙarshe ba ta kwanta masa ba. Buɗe ya ɗauka gajiya ce irin ta tsufa.

Ranar da aka shiga kotu ne ya fahimta, a tsaye a bayan ɗaki, hularsa a hannu. Mai gabatar da ƙara, wancan dai mai dariyar, bai kawo dogon zance ba. Ya ce duk shari'ar a kan abu ɗaya take: shin direban ya san abin da yake ɗauka ko bai sani ba? Direban da bai sani ba ɗan aike ne kawai. Sannan ya ɗaga takarda ya karanta kalaman Auta ɗaya bayan ɗaya, kalar kwali, gam, buɗewa, zuciyar da ta ba shi, da watannin da ya ci gaba da kai wa kantuna kayan da marasa lafiya za su sha. Tsohon lauya ya miƙe ya yi magana mai tsawo a kan tarbiyyar yaron da gidan da ya fito. Alƙali ya katse shi sau biyu yana tambayar wani sashe na doka, tsohon na ta laluben shafuka. Aka hana beli. Barista na zaune a layin lauyoyi tana jiran tata shari'ar, ba ta ɗago kai ba har aka fita da Auta.

A waje tsohon lauya ya kama hannun Buɗe ya ja shi har gaban Barista, ya ce mata ga shari'ar da ya ɓata, ta taimaka don Allah. Ba ta yi gori ba, kuma Buɗe ya so a ce ta yi, ko ya sami abin riƙewa. Ta ce za ta karɓa. Ta ce da Auta bai yi magana ba, da aikin masu ƙara ne su nemo hujjar cewa ya sani, kuma da wuya su samu tunda ba shi ke lodi ba. Yanzu kuwa ya ba su da bakinsa, a gaban lauyansa, ba duka ba tsangwama, babu ta inda za ta ce an tilasta shi. Abin da ya rage mata shi ne neman sassauci.

Buɗe dai Buɗe ne. Ko a watannin da shari'ar ta ɗauka bai fasa bincike ba. Ya riƙa zuwa kotu da wuri yana lura da wa ta gaisar, wa ya kira ta a waya. Ya tambayi masinja ko ita da mai gabatar da ƙara 'yan uwa ne. Abin da ya gani kawai shi ne mace tana aiki: ta nemo masu lodi biyu suka shaida cewa manaja ne ke ware kwalayen, ta sa aka kawo shaidar cewa Auta bai taɓa samun ko sisi bayan albashinsa ba, ta yi ta fafatawa da mutumin da take dariya da shi a harabar har muryarta ta dushe. Da an tashi kuma su gaisa. Wannan ya fi komai ɗaure masa kai, kuma bai sami wanda zai tambaya ba, domin ya daina hawa benen kantin fenti, a gida kuma magana ta ƙare tsakaninsa da suruka sai gaisuwa.

Sassaucin ya samu, amma ba saki ba. Alƙali ya ce ya yarda ba Auta ne ya ƙulla abin ba, bai kuma ci riba ba, sai dai wanda ya gani ya yi shiru ya ci gaba da rabawa ba zai tafi haka nan ba. Ya yanke masa zaman gidan yarin da, in ya fito, 'yarsa da ke goye za ta riga ta shiga makaranta. Matar Auta ba ta yi kuka a ɗakin ba. Ta kwance goyon ta juyo da yarinyar gaba don uban ya gan ta.

Da za a wuce da shi ta ƙofar gefe, gandiroba ya ɗan sassauta tafiya. Buɗe ya matsa, bakinsa cike da maganar da ya shirya tun safe. Auta ne ya riga shi magana, kuma babu ɗigon zargi a muryarsa. Da ma shi yaro ne mai son a ce ya yi daidai.

"Baba, kada ka damu. Na faɗa musu duka kamar yadda ka ce, ban rage komai ba."

Aka shige da shi. Buɗe ya tsaya a barandar kotu mutane na ratsa shi ta ko'ina. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, alƙalin da ke shiga mota, mai gabatar da ƙara, Barista tana amsa waya, tsohon lauya can nesa yana saukowa matakala da ƙyar. Ya nema iya nemansa wanda zai ce shi aka saya, bai samu ba. Surukarsa ta zo ta wuce ta gabansa tana gyara goyo, ya miƙa hannu zai karɓar mata jakar, ta ce ya bari, za ta iya.